Ranar da Surukina Ya Je Kallon Ruwa

A bakin gulbi aka haife ni, a wani ƙauyen manoman shinkafa da ke arewa da Sakkwato. Gulbi a wurinmu wurin aiki ne. Can muke wanki, can muke korar tsuntsaye daga gona, can jakuna ke shan ruwa. Ban taɓa ganin wanda ya tsaya ya zuba masa ido haka kawai ba, sai fa in akuyarsa ce ta faɗa. Shi ya sa da na ji an buɗe gidan abinci a bakin gulbi, wai mutane na zuwa su ci suna kallon ruwa, sai na ce to, Allah ya nuna musu abin da suke nema a ciki.

Ashe ni ma da rabona.

Shekarar da na gama ajin yaƙi da jahilci ne. Shekara uku ina zuwa, da furfurata, ina haɗa baƙi da wasali a hankali kamar mai tsince tsakuwa daga shinkafa. Ranar da aka ba ni takardar shaida, ɗiyata ta kira ni. Ita ce ta fari, don haka ko a takarda ba zan ambaci sunanta ba.

"Inna, gobe kada ki ci komi da rana," in ji ta. "Hita za a yi da ke."

Ban tambayi wa da wa ba. Da safe na sha koko rabin ludayi na kame bakina. Bayan azahar mota ta tsaya ƙofar gidanmu a unguwar Ƙofar Dundaye, cikin birnin Sakkwato inda nake zaune yanzu. Na yafa mayafi na fito, sai na ga mijinta ne a zaune yana riƙe da sitiyari, yana ta murmushi, ita kuma tana gefensa.

Shekara shida da aurensu, mutumin nan bai taɓa ganin na kai ko ruwa bakina ba. Haka muka tashi muka tarar, suruka ba ta ci gaban suruki. In ya zo gaisuwa yana durƙusawa bakin ƙofa, ni kuma in kau da kai in amsa wa bango. Shi kuwa a bariki ya girma, mahaifinsa ma'aikaci ne da aka yi ta yawo da shi gari-gari. Yaro ne mai ladabi da kyauta, amma wannan kunyar tamu ba a koya masa ita ba.

"Mama, yau ke za ki karanta mana takardar abinci da kanki," ya ce da muka hau titi. "Tun makon jiya na kama mana teburi mafi kyau."

Na ce, "Allah shi yi albarka." Na dubi ɗiyata, ta dubi taga.

Wurin kuwa ya ba ni mamaki. Da gangan suka yi rufin ciyawa, alhali suna da halin kwano. Sun rataye tsohon kwalekwale a sama, sun baza taru da goran masunta a bango, sun huda ƙorai sun sa musu ƙwan lantarki. Duk tarkacen da muke turawa bayan ɗaki in za a yi baƙi a ƙauyenmu, su shi suka fito da shi gaba, har da goge shi. Bangon da ke fuskantar gulbi kuma gilashi ne tun daga ƙasa har sama, a bayansa akwai dandamalin katako inda mutum zai tsaya ya yi kallo. Babu labule, babu lungu, babu ko ginshiƙin da mace za ta raɓe. Kowa na ganin bakin kowa.

Teburin da ya kama mana ɗan ƙarami ne, kewayayye, dab da gilashin. Ya ja mini kujera, ya zagaya ya zauna daidai gabana. In na miƙa hannu zan taɓa hularsa.

Na karanta takardar, ba laifi, da yatsa a kan layi. Na kai kan gasasshen kifi da shinkafa na tsaya, don nan yawuna ya tsinke. Ya tafa hannu har mutanen teburin kusa suka waiwayo.

Aka kawo kifin. Ragon ruwa ne guda, an tsattsaga shi an cusa yaji da albasa, mai na tsatsafowa, tururi na tashi. Shi ma da idonsa a buɗe, yana kallona. Ido biyu na suruki, ɗaya na kifi.

"Bismilla, Mama."

"Ku ci, ɗana. Ni na ƙoshi."

Ban rufe baki ba cikina ya yi wata ƙara, irin ta tsohuwar ƙofa. Ɗiyata ta yi tari don ta rufe, amma ta makara.

Murmushinsa ya ragu. "Ko kifin bai yi ba ne? A canza."

"Ya yi, wallahi."

Bai yarda ba. Ya ɗaga hannu, matar da ke kawo abinci ta zo, ya ce a ƙaro farfesu. Na ce na gode, ban taɓa ba. Ya ce ko yaji ne ya yi yawa, a kawo kaza. Kaza ta zo. Teburin ya cika har sai da aka ɗauke tulun furen da ke tsakiya, wanda dama shi kaɗai ne ɗan abin da ke kare ni. Shi ma ya ajiye cokalinsa, ya ce ba zai ci ba sai na fara. Na ga idonsa ya canza, irin na wanda ya yi shiri da zuciya ɗaya aka mayar masa da kwanonsa. Abin ya dame ni ƙwarai. In na ci, na zubar da abin da uwata ta bar mini. In na ƙi, na karya zuciyar mutumin da bai nufe ni da komi ba sai alheri. Ga yunwa kuma, ita ba ruwanta da surukuta.

Ɗiyata ta yi niyyar taka masa ƙafa a ƙarƙashin teburi. Tawa ta samu. Na haɗiye, na ce, "Sannu." Ta sake kaiwa, ta sake samun tawa.

"Ke, ƙahwar tau guda biyu ce kawai," na ce mata a hankali.

Sai ta ɗauki wayarta ta yi ɗan danne-danne. Tasa wayar, da ke kwance kusa da farantina, ta yi haske. Sun manta wa suka kawo biki. Da shekara uku baya ne, da zane kawai zan gani. Na karkata ido na haɗa baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya: "Tashi ka ba Inna wuri. Ba ta ci gaban suruki."

Ya karanta. Ya dube ta, ya fara juyowa wajena, ya fasa a rabin hanya. Ya miƙe har kujera na neman faɗuwa.

"Mama, bari in je in kalli ruwa."

Ya tura ƙofar gilashin ya fita kan dandamali. Bazara ce, rana irin ta Sakkwato wadda ko ƙadangare ke neman inuwa. Gulbin kuma ya janye ya koma kamar zanen da aka shanya a tsakiyar yashi. Abin da ke wurin, wani mutum ne yana wanke babur, sai shanu biyar suna tsaye cikin laka. Surukina ya goya hannu a baya, ya ba mu ƙeya, ya tsura musu ido kamar an ce ya saya.

Na ture cokali, na wanke hannu, na yi bismilla.

Ban san ko yunwa ce ba, ko kuwa gulbin ne da ke gabana. Lomar farko ta kai ni gindin wata tsamiya, inda uwata ke gasa mana kifi a kan kara in an tashi daga gona. Na ci tsokar baya, na juya shi. Sau ɗaya surukina ya motsa kai zai kori ƙuda, na saki loma na kama gyaran mayafi. Ya gane, bai ƙara motsi ba. Ƙudan ya zauna a kunnensa ya huta.

"Inna, yi sauri, rigar tai ta jiƙe," in ji ɗiyata, tana dariya har da hawaye.

"Kihi ba a yi mai gaggawa," na ce. "Ƙaya gare shi."

Sai da mai babur ya gama ya tafi, shanu suka haye, sannan na siɗe yatsuna. Ɗiyata ta ƙwanƙwasa gilashi. Ya shigo gumi na ɗiga daga gemunsa, ya saci kallon farantin, ya ga ƙaya da kai kawai. Fuskarsa ta washe kamar shi aka ba takardar shaida.

"Ruwan nan akwai kyau, Mama," ya ce.

"Awo, akwai," na ce. Na dubi abincinsa da ya huce bai taɓa ba, na miƙe na gyara mayafi. "Bari ni ma in gani."

Na fita na ba shi baya. Babu babur, babu shanu, sai ruwa siriri yana tafiya abinsa, da wata balbela a gefe. Karo na farko ke nan a rayuwata da na tsaya gaban gulbi ba wanki a hannuna. Na daɗe a wurin fiye da yadda cin kaza ke buƙata.

Har yau in ya zo gidanmu ya tarar an sauke tukunya, sai ya gaishe ni ya ce zai je kallon ruwa. Ba mu da gulbi a Ƙofar Dundaye. Gaban randa yake zuwa ya tsaya.