Kwaɗin Kaskona

Ina da cikin fari shekarar da fara ta sauka a gonakinmu na wajen Gangara. Masu feshi suka zo suka yi aikinsu, da za su tafi suka wanke kayansu a tabkin da muke sha. Ba wanda ya hana su, murnar gero ya tsira ake yi.

Ni na fara ganin abin, don ni dai idona ba ya zama wuri guda. 'Ya'yan kwaɗin da ke bakin ruwa sun fara zubar da wutsiya, amma ƙafafunsu ba daidai ba. Wani guda uku, wani tasa a lanƙwashe, yana ta juyi wuri ɗaya. Na gaya wa uwar mijina, ta kwashe da dariya.

"Ke 'yar nan, kin cika tsince-tsince. Gado ne. Barewa ta yi gudu ɗanta ya yi rarrafe? Gurgun kwaɗo ya haifi irinsa."

Na so in yarda da ita, amma taurin kaina ya hana. Da aka sake yin ruwa kwaɗi suka zuba sabon ƙwai, na ɗebo a ƙwarya na juye cikin kasko, na cika shi da ruwan sama da na tara. Na ɓoye shi bayan rumbu. In gado ne, su ma za su fito guragu, in samu barci. Ban taɓa roƙon Allah ya nakasa wata halitta ba sai a kwanakin nan.

Suka fito garau. Ƙafa huɗu-huɗu, suna tsalle suna ficewa daga kaskon. Na zauna a ƙasa na dafe cikina, tsoro ya rufe ni. Ruwan tabkin ne ke nan, kuma tun farkon damina shi nake sha.

Na koma ɗebo ruwa a rijiya mai nisa, ana ta yi mini dariya.

Ranar da na haihu, ungozoma ta ce, "Barka, mace ce."

Na ce, "Iya, ƙafafun fa?"

Ta ja zane ta rufe su, ta ce in huta tukuna.

Har yau ba wanda ya iya ce mini ruwan ne ko ba shi ba. 'Yata tana ɗinki a Tanut yanzu, hannunta da kyau ƙwarai. Keken ɗinki na hannu muka saya mata, na ƙafa ba ya yi mata.