Barewar da ba ta gudu ba

Shekarar da nonona ya ƙafe, ɗiyata ko rarrafe ba ta fara ba. Zazzaɓi ya kwantar da ni bayan girbi, da na tashi sai na iske babu komai a ƙirjina. Abin da ya riƙe yarinyar, bayan ikon Allah, saniya ce guda, ja, wadda babana ya ba ni, da ɗan maraƙinta. Sai ya ɗan tsotsa tukuna take sakin nono in tatsa.

A lokacin ne aka yi shela a kasuwar Filinge: saƙon kumandan, duk wanda ya ga barewa ko gwanki ko gadu a mace cikin daji, ko yana dalalar da miyau, kada ya taɓa, ya je ya faɗa wa lokotoron dabbobi. Mata muka yi ta dariya a gindin rijiya. Wata ta ce Nasara ya gama ƙirga kawunanmu da na shanu, saura barewa ta biya lanho, wato haraji.

Ba a jima ba maigidana ya dawo daga ɗaukar kara da barewa mai rai bisa jaki.

"Ko gudu ba ta yi ba," in ji shi. "Rabo ne. Sai ranar sunan ɗan ƙanena mu yanka."

Ya ɗaure ta kusa da turken maraƙi, suka sha ruwa ƙwarya ɗaya. Ni dai ina kallon idonta. Kwantsa ta liƙe shi, hawaye sun yi mata hanya har baki, ƙudaje sun yanyame hancin ba ta ko kaɗa kunne.

"Maigida, wagga dabba kuka take."

"Ke ma in an ɗaure ki ai kuka za ki yi."

Ba ta kai ranar sunan ba. Ya ja mushen ya yar bayan gari, bai sake zancen ba. Ni kuwa ko ina daka, kunnena yana turke. Ran da maraƙin ya ƙi tashi ya kama nonon uwarsa, na ajiye taɓarya. Na ce a kira lokotoro, amma maigida yana tsoron a ce ya karya dokar kumandan. Na kwance goyo na miƙa masa yarinyar, na ce ya ji nauyinta. Ya ɗauki sandarsa ya nufi Filinge.

Lokotoron ya zo bisa doki. Bazabarme ne, Hausarsa da ɗan karkace. Ya buɗe bakin maraƙin, dasashi duk gyambo, ya ce bushiya ce, annobar shanu. Ya sa maigida ya kai shi inda ya kama barewar. Can suka iske gadu a mace nan da can, angulu sun ƙoshi. Da suka dawo ya kama kunnen saniya, ya nuna mini tsagar da aka yi mata lokacin allura, ya ce ita da yardar Allah za ta tsira. Maraƙin kuwa bai kai la'asar ba.

Na aika aka kira wata tsohuwar Bafillata da ke kawo mana man shanu, don su ne suka san yadda ake yi: a feɗe maraƙin, a cusa wa fatar harawa, a tsayar gaban uwar, tana lasa ana tatsa. Har ta zaro wuƙa, lokotoro ya riƙe hannunta.

"Inna, ciwon yana cikin fata. Duka za a ƙone."

Na durƙusa. "Malam, fatar kawai. Ɗiyata ba ta da wani abinci."

Ya dubi yarinyar, ya daɗe. Ya ce in fatar nan ta kwana a gari, shanun da ba a yi wa allura ba sun tafi ke nan, da ƴaƴan da suke shan nononsu. Aka ƙone shi cikin rami, saniya tana ta kuka tana jan igiya.

Ta ɗauke nononta. Hantsa cike, in matsa, ko ɗigo. Na dama kunu tsararo, yarinya ta sha ta amayar. Kukanta ya koma kamar na ƴar kyanwa, maɗigarta ta fara faɗawa, kowane lokaci hannuna yana kai.

Tsohuwar ta dawo da wata busasshiyar fatar maraƙi, ta bara, baƙa ma ba ja ba.

"Inna, ai za ta gane."

"Ku Haɓe kun cika surutu. Kawo kanwa."

Ta jiƙa fatar da fitsarin saniyar, ta barbaɗa kanwa, ta ɗora bisa turmi. Saniya ta shinshina, ta yi huci, ta kau da kai. Muka zauna, rana tana ta hawa. Can sai na ji harshenta yana kartar fatar. Tsohuwa ta zungure ni da ƙafa. Na matsa hantsar a hankali.

Abin da ya fito bai cika ludayi ba. Na ɗura mata kaɗan-kaɗan, na zauna ina jiran in ga ko zai tsaya a cikinta.