Bayan Gwadabe Mai Siminti

Gwadabe ya shigo birnin Katsina daga wani ƙauye na wajen Kaita tun yana saurayi, ba shi da jari sai ƙarfinsa. A Babbar Kasuwa ya kama dako. Waɗanda suka san shi a lokacin suna cewa buhun gero in ya hau kafaɗarsa sai ka ce matashi aka ɗora masa, yana tafe yana gaisawa da jama'a, har ya tsaya ya tambayi lafiyar iyali. Shekara da shekaru yana wannan aiki bai san wani abu wai shi ciwon baya ba. In ya ji wani yana kuka da ƙugunsa, sai ya ce ƙyuya ce aka raɗa wa sabon suna.

Da arzikin man fetur ya buɗe, ma'aikata suka karɓi ƙarin albashin nan na Udoji, sai kowa ya tashi zai rushe ginin ƙasa ya yi na bulo. Wani ɗan kasuwa da Gwadabe ya daɗe yana yi wa dako ya ɗora shi a kan shagon siminti, ba a jima ba ya tsaya da ƙafarsa. Ya sayi gida a Ƙofar Kwaya, ya sayi babur Basfa, ya sayi katifar soso da wata kujerar kushin wadda in ya zauna takan haɗiye shi har gwiwoyinsa su kusa taɓa haɓarsa. A cikinta yake wuni a shago yana nuna wa 'yan dako buhuna da baki. Ya yi alkawari tsakaninsa da ransa ba zai ƙara ɗaukar abin da ya fi kofin shayi nauyi ba, kuma ya cika. Tumbi ya fito, wuya ya yi kauri, aka fara kiransa Malam Gwadabe Mai Siminti.

Ranar da abin ya same shi, hularsa ce ta faɗi. Ya sunkuya zai ɗauka, sai ya ji kamar an soka masa tsinke mai zafi a gindin baya. Da ƙyar ya miƙe, daga nan kuma bayan ya ƙi yarda ya sake lanƙwasawa.

Mutumin da ya gama yi wa masu ciwon baya dariya ba zai fito ya ce shi ma ya shiga layi ba. Matarsa Sabuwa kaɗai ya gaya wa, ya kuma gargaɗe ta kada maganar ta wuce zaure. Wanzami ya zo ya yi masa ƙaho, aka shafa man zafi har ɗakin ya gagari shiga, ya sha jiƙo iri-iri. Da ya je asibiti a ɓoye, likita ya ba shi ƙwayoyi, ya ce masa maganin gaskiya shi ne ya rage zama, ya riƙa motsa jiki yana miƙa gaɓoɓinsa. Gwadabe ya ɗauki maganar cin fuska. Shi da ya sha wahalar duniya kafin ya sami wurin zama, yau a ce ya tashi?

Ciwon bai dame shi kamar abin da ya jawo masa a unguwa ba. Da can in ya ga dattijo tun daga nesa yake zubewa. Yanzu kuwa a tsaye yake gaida kowa, ƙirji a gaba, hannu ɗaya dafe da ƙugu, kamar baturen da ya zo duba aikin hanya. Aka fara cewa siminti ya hau masa kai. Wadda ta fi kowa jin haushi ita ce surukarsa, Inna Hajo, tsohuwa mai sayar da daddawa a Ƙofar 'Yandaka. Ya je gaishe ta ranar Juma'a, ya tsaya ƙiƙam a bakin ƙofa ya ce ina wuni. Ta dube shi daga hula har takalmi, ta amsa a daƙile. Bayan tafiyarsa ta ce ita da ta ba shi ɗiya yana warin buhu, ba za ta zauna a riƙa gaishe ta daga sama ba.

Mai gadin shagonsa wani tsohon soja ne, Kofur Sammani, wanda ya dawo daga yaƙi da ɗingishi da murya mai tsorata awaki. Shi ya lura da yadda maigidansa yake saukowa daga Basfa, a hankali, kamar mai ɗauke da ƙwaryar nono cike. Wata rana da babu kowa ya tare shi ya ce ya gane. A bariki, in ji shi, kowace safiya sai sun miƙa jiki kafin a shiga fareti, kuma ya ga manyan hafsoshi da bayansu ya ƙage sun warware da haka. Gwadabe ya yi musu, ya yi musu, ciwo ya sake tsikarinsa, ya ce to a gwada.

Suka shiga can bayan shago inda aka jibge siminti. Sammani ya ce ya saki hannuwansa ƙasa sannu a hankali, duk inda ya ji jijiya ta ja, ya tsaya nan ya yi numfashi. Hannun Gwadabe bai ko kai gwiwa ba. Sai ya ga Sammani, gurgu-gurgu da shi, ya dafa ƙasa da tafin hannu. Zuciyar tsohon ɗan dako ta motsa. Ya cije leɓe, ya danna kansa ƙasa da ƙarfin tsiya kamar zai cira buhu. Yatsunsa sun taɓa ƙafa kam, amma tashi ya gagara.

A haka ya tsaya, a lanƙwashe kamar lauje, yana salati ƙasa-ƙasa. Hawa Basfa bai taso ba. Sammani ya fita ya kira masu amalanke, cikinsu har da waɗanda suka yi dako tare da Gwadabe, amma kafin su shigo ya kwantar da shi ya lulluɓe shi da tabarma da buhunan wofi. Ya gaya musu kaya ne mai fashewa, a bi da shi sannu. Haka aka tura Malam Gwadabe tun daga kasuwa har Ƙofar Kwaya, yana jin tsoffin abokansa suna gardamar ko injin niƙa ne. Da taya ta faɗa rami kayan ya yi nishi, Sammani ya yi tari mai ƙarfi ya rufe.

Bayan Gwadabe ya ɗan murmure, Sammani ya zo gida ya tsaya a kansa ya ce, "Malam, baya ba buhu ba ne. Lallashinsa ake yi. In ka ji ja, ka tsaya. In ka ji suka, ka bari."

Wannan karon ya ji magana. Kowace safiya zai kwanta rigingine a tabarma, ya jawo gwiwa ɗaya zuwa ƙirji, tumbi yana tare hanya, ya riƙe ta kaɗan, ya sake ta, ya jawo ɗayar. Sannan ya durƙusa bisa gwiwoyi da hannuwa, ya ɗaga gadon bayansa sama kamar kyanwar da ta tashi daga barci, ya sauke. Daga ƙarshe ya zauna kan dugadugansa, ya miƙa hannuwa gaba, goshi kusa da ƙasa. Ya fara zuwa kasuwa da ƙafa, yana cewa Basfa ce ba ta da lafiya. Sauƙi bai zo da gaggawa ba, amma wata safiya ya farga ya sa takalmi bai kira Sabuwa ba.

Da bazara ta kama, ɗaki ya yi zafi, sai ya mai da tabarmarsa tsakar gida gindin darbejiya. Ranar nan yana cikin salon miƙa jikin nan na ƙarshe, goshi a ƙasa, hannuwa a miƙe wajen ƙofa, Inna Hajo ta yi sallama ta shigo. Ta kwana biyu tana shirya maganar da za ta gaya masa, ta taho da ita a bakinta. Sai ga surukinta shimfiɗe a gabanta, irin gaisuwar da ko hakimi ba a yi wa.

Gwadabe ya ga tashi da sauri zai iya mai da shi amalanke, sai ya gaishe ta daga inda yake.

"Inna, an tashi lahiya?"

Tsohuwa ta haɗiye maganar da ta zo da ita. Ta ce lahiya lau, ya gida, ya kasuwa, ya zafin wanga gari. Ya amsa duka fuskarsa a tabarma. Ta tambayi mutanen ƙauyensu ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda suka rasu. Sabuwa tana bakin murhu ta toshe bakinta da zane, tana danne dariya.

"Tashi haka nan, ɗan albarka," in ji Inna Hajo. "Ashe shaiɗan ne ya so shiga tsakaninmu."

Kafin azahar labari ya gama Ƙofar 'Yandaka. Duk wadda ta zo sayen daddawa sai ta ji cewa a Katsina babu suruki mai ladabin Gwadabe. Dangin Sabuwa tsofaffi, har waɗanda bai taɓa gani ba, suka fara zuwa da hantsi, kowa yana so ya gani da idonsa. Gwadabe ya gane ya shiga uku: in ya gaida wani a tsaye, za a ce ya raina shi. Don haka ko ranar da ƙyuya ta kama shi dole ya shimfiɗa tabarma ya miƙa jiki, saboda bai san kawun wa zai yi sallama ba. Da haka bayan ya warware sarai, tumbin ma ya ja da baya, ya koma yana taya yaransa sauke siminti in mota ta zo, amma yanzu gwiwa yake lanƙwasawa ba ƙugu ba.

An daɗe kafin Sabuwa ta gaya wa uwarta gaskiyar abin da ta tarar ranar nan. Inna Hajo ta saurara har ƙarshe tana ɓare goro. Ta ce ita dai ta riga ta karɓi gaisuwa, kuma ba ta mayarwa. Can kuma ta leƙa waje ta tabbata babu mai zuwa, ta sa 'yarta ta tura ƙyaure, ta ce a nuna mata wancan na jawo gwiwa, don ita ma ƙugunta ya daɗe yana hana ta sakat.