Takardar da Ban Kai Ba

Sana'ata a Dubai kai saƙo ce. Shekara tara na yi ina harkar kago a wani ɗan ofis a Khabaisi, saman shagon wani mai sayar da tayoyi. 'Yan kasuwarmu su sayo kaya, atamfa ce, tayil ne, janareto ne, su jibge mini, ni kuma in loda kwantena in bi ta har tashar jiragen ruwa ta Jebel Ali in ga ta hau jirgi. Ina da baki, wannan kowa ya sani, kuma ba na jin nauyin cika shi. Duk baƙon da ya shigo sai na buga tebur na ce masa ko allura ya ba ni sai ta isa hannun mai ita. Ina faɗin haka, takardar sakin ƙanwata tana kwance a durowar teburin da nake bugawa.

Ni na haɗa auren. Yaron maraya ne, gwaggonsa ta raine shi, mai ladabi da tsoron Allah, kuma ni na tsaya kai da fata a gidanmu na ce shi za a ba. Bayan biki da wata bakwai na nema masa biza na kawo shi nan, ina ganin shekara ɗaya ta ishe shi ya tsaya da ƙafarsa ya ɗauko matarsa. Ita kuma ta zauna a gidan Gwaggo tana jira. Abin bai yiwu ba. Kasuwanci ya ƙi shi ƙememe, ya ƙare a dakon kaya a wani sito a Jebel Ali, bizarsa ta ƙare, ga shi ba ya iya ɗaga kai ya koma gida hannu biyu.

Wata rana bayan la'asar ya shigo ofis, ya jira kowa ya fita, ya durƙusa gabana da ambulan a hannu.

"Yaya, na kasa," in ji shi. "Ina tsoron Allah ya tambaye ni hakkinta. Na rubuta mata ɗaya. Kai ne babba, kai ka san yadda za ka gaya musu."

Na zazzage shi tas. Na kira shi rago, na kira shi butulu, na ce ya tashi ya ba ni wuri kafin raina ya ƙara ɓaci. Ya ajiye ambulan ɗin a bakin tebur ya fita yana share ido da hannun riga. Ni kuma na jefa shi a durowa na murɗa makulli.

Na ce wa kaina Inna tana fama da hawan jini, ba a gaya mata irin wannan ta waya. Na ce zan kai da hannuna in na je gida da azumi. Azumi ya zo, na je, na dawo, takarda tana inda na bar ta. Wani azumin ma haka. Gaskiyar da ban taɓa faɗa wa kowa ba a lokacin ita ce kunya nake ji. Ba na son a zauna a zaure a ce ga zaɓin Alhajin Dubai nan, ko shekara biyu bai riƙe yarinyar ba. Shi kuwa yaron ko sau ɗaya bai tambaye ni ba. Wa ya isa ya dubi yayan matarsa ya ce masa ina labarin sakin da na yi wa ƙanwarka? Da gida kuma ya yanke hulɗa, ba wasiƙa ba waya. Ranar Juma'a yakan hau bas ya zo ya ci abinci da mu, ya gaishe ni kansa a ƙasa, ya koma.

Ƙarya kuwa sai da na yi ta yi mata ciko. Duk mai tafiya gida sai na ba shi turmin atamfa da turare ya kai mata, in ce daga maigidanta. Da ta aiko tana neman izininsa ta shiga makarantar koyon aikin unguwar zoma, na tsorata kada a ce sai ya sa hannu a fom. Na aika mata cewa ya ce ta bari sai ya dawo. Ni na ƙirƙiri wannan amsar, ina zaune ina shan shayi.

Ana nan sai ɗan majalisar jiha mai wakiltar yankinmu ya zo sayen kayan gini. Ɗan unguwarmu ne, ya girme ni, kuma ni zan loda masa kayan. Na gayyace shi cin abinci bayan sallar Juma'a a filat ɗin da muke haya a Karama. Na sayo shinkafa da naman rago, aka shimfiɗa leda a tsakar falo, muka zagaye tire mu goma sha wani abu. Akwai 'yan kasuwar da suka zo saro kaya, akwai wani dattijo malami da ke ja mana salla, akwai maƙwabcinmu ɗan Nijar mai sayar da wayoyi, wanda ya yi boko mai zurfi kuma yana son musu kamar me. Surukin nawa yana can ƙarshe kusa da ƙofa, inda ya saba zama.

Da aka fara ci, wani ya tambayi Honarabul me suke yi a majalisa ban da raba babura. Ya yi dariya ya ce ai aiki ne ya sha musu kai. Yana cikin kwamitin da aka ɗora wa gyaran dokoki, kuma suna zagayawa jin ra'ayin jama'a. Ya ce akwai batun diyyar wanda direba ya buge ko gini ya rufta masa, akwai batun mutanen da ake tsarewa a gidan yari ba a yi musu shari'a ba, sannan akwai na iyali. A na iyalin ne, in ji shi, aka fi kai ruwa rana. Suna so duk wanda ya yi saki ya sanar da alƙali, takarda kuma ta isa hannun matar cikin 'yan kwanaki. Wanda ya ɓoye ta, miji ne ko ɗan aike, a ci shi tara, ko ma a ɗaure shi.

Lomar da ke hannuna na mayar cikin tire. Mai hankali shiru zai yi a nan. Ni kuwa sai na gyara zama.

"Haba, ranka ya daɗe!" na ce. "Ayyuka sun ƙare muku ne? Ba ruwa, ba wuta, sai ku shiga ɗakunan mutane? Wane Musulmi ne zai ɓoye takardar saki? Ai wannan cin mutuncin magidanta ne. Gida yana da manya. Manya su ne suka san lokacin da ya dace a faɗi magana, ba alƙali ba."

Na yi ta zuba, 'yan kasuwa suna gyaɗa kai suna cewa faɗa masa, Alhaji. Ɗan Nijar ya lashe yatsunsa ya dube ni.

"To amma, Alhaji, in babu mai ɓoyewa, dokar wa za ta cuta?"

"Kai ka tsaya a kan wayoyinka," na ce. "Wannan ba shari'ar Faransa ba ce. Khalas, magana ta ƙare!"

Aka kwashe da dariya. Honarabul bai yi fushi ba. Ya ce ya ji, zai kai ra'ayina gaban kwamiti. Sannan ya dafe goshi ya ce af, saura kaɗan ya manta, Inna ta ba shi saƙo. Ya jawo leda daga jakarsa: yaji, kuka, daddawa, da kaset ɗaya an naɗe shi a takarda.

A lokacin waya ta fara yawa, amma tsofaffinmu ba su yarda da ita ba, sun fi son su zauna gaban rakoda su faɗi abin da ke ransu ba a katse su. Mu kuma a nan muna da al'ada: kaset ɗin gida na kowa ne. Duk wanda aka aiko wa, a falo yake sakawa, a ji muryar gida, a ji carar zakara da kukan awaki a bayan magana, kowa ya ɗan rage kewa. Ba wanda ya taɓa tunanin ya fara saurara shi kaɗai. Na wanke hannu, na saka, na ƙara murya, na dawo na zauna ina ta washe baki.

Inna ce ta fara. Ta gaishe ni, ta gaida abokan zamana, ta yi ƙorafin gwiwarta, ta yi mana addu'a muna amsawa da amin. Sai aka ji ƙarar maɓalli, sai muryar ƙanwata.

"Yaya, ina wuni. Wannan ɓangaren nasa ne, don Allah ka ba shi ya ji."

Rakodar tana kan talabijin, taku huɗu tsakanina da ita. Har yau ban san abin da ya hana ni tashi ba.

Ba ta kama sunansa ba, ba ta taɓa kamawa ba. Ta ce ta ga atamfa da turare, Allah ya ƙara buɗi, ta ɗinka ta sa da salla kowa ya yaba. Ta ce ƙafar Gwaggo da sauƙi, yanzu da sanda take zuwa banɗaki, ba sai ta ɗauke ta ba. Ta ce maganar makaranta ta haƙura tunda bai so, amma in ya sake tunani, ana ɗaukar ɗalibai bayan damina. Sai ta yi 'yar dariya. Ta ce matan unguwa sun ji maganar sabuwar doka a rediyo, suna tsokanarta wai ta bincika, ƙila an daɗe da sakinta ba ta sani ba.

"Na ce musu Yayana yana can tare da shi. Da wani abu ya faru, shi zai fara gaya mini."

Kaset ya ci gaba da juyawa ba magana. Daga bakin ƙofa na ji muryar yaron, ƙasa-ƙasa.

"Wace atamfa?"

Ya ɗago kai ya dube ni cikin ido, abin da bai taɓa yi ba.

"Yaya, ba ka kai ba?"

Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige. Mutanen da suka gama yi mini kirari suka sunkuyar da kai suna tsintar shinkafa a kan leda. Ɗan Nijar, da na zata zai rama, tashi ya yi ya kashe rakodar ya fita baranda. Honarabul ya tambaye ni a hankali, tun yaushe? Ni mai bakin nan na kawar da kai. Yaron ne ya faɗa masa. Malam ya tambaye shi ko da niyya ya rubuta, ya ce da niyya. Malam ya yi salati ya ce to ai saki ya auku tun ranar, idda ma ta daɗe da cika.

Da za su tafi Honarabul ya ja ni gefe a bakin matakala. Na zaci zai yi mini gori, kuma da ya yi da na fi samun sauƙi. Cewa ya yi jibi zai tashi, in ina so ya tafi da takardar. Na ce a'a, ranka ya daɗe, wannan ni zan kai. Ban san inda ƙudirin nasu ya kwana ba, ban kuma taɓa samun fuskar tambayarsa ba.

Kwana biyar bayan nan na sauka gida. Ban fara zuwa wajen Inna ba, kai tsaye gidan Gwaggo na nufa da hantsi. Na tarar da ƙanwata a tsakar gida tana wanke zannuwan tsohuwar. Ta miƙe da murna, ta goge hannu a zaninta, ta durƙusa ta gaishe ni, ta shimfiɗa mini tabarma ta kawo ruwa. Idonta yana ta komawa kan zaure, ko akwai wani a bayana.

Na shirya magana tun daga cikin jirgi. Na miƙa mata ambulan ɗin kawai. Ya yi datti, gefensa ya lanƙwashe. Ta buɗe ta karanta, layi uku ne. Ba ta yi kuka ba. Ta kai yatsa kan kwanan watan da ke sama, ta tsaya a nan, leɓenta yana motsi.

"Yaya, ya yi kuskuren shekara," ta ce.

"Bai yi ba."

Ta dube ni. Na gaya mata komai, atamfar, turaren, amsar makarantar, ina magana ina kallon ruwan da ta kawo mini. Daga ɗaki Gwaggo ta ɗaga murya tana kiran amarya, haka take kiranta har lokacin, ta zo ta tashe ta zaune. Ƙanwata ta amsa da na'am, ta yunƙura za ta tashi kamar kullum, sai ta koma ta zauna.

"Shekara biyu da wata huɗu," ta ce. "Yaya, zaman da na yi a gidan nan, a matsayin wa na yi shi?"

Gwaggo ta sake kira. Ƙanwata ta ninke takardar ta soke a bakin zaninta, ta shiga ta tashi tsohuwar zaune, ta ba ta magani, sannan ta fito ta fara haɗa kayanta. Na miƙa hannu zan ɗaukar mata akwati, ta ce in bari, za ta iya.