Pius da Mabuɗin Matan Gozaki da Ƙarfi

Kullum da hantsi Pius yake buɗe shagonsa da ke bayan tashar mota a Funtuwa. Sai ya share bakin ƙofa, ya goge kwamfuta, ya ɗiga maganin ido, ya zauna shiru har zafin ya lafa. Sannan ya bi shafukan intanet da ya gina wa mutane, ya ga wanne ya kwana lafiya, wanne ya faɗi. Na ƙungiyarmu ne ya fi faɗuwa. To, ga shi ido ya ƙi, likita ya hana shi kallon allo, ƙarshen watan nan zai rufe shagon. Shi ya sa na ce bari in rubuta wannan tun yana iya karantawa da kansa.

Na san shi tun shekarun alif ɗari tara da tamanin, yana saurayi, ɗan Chukwuma mai kayan keke. Haifaffen Funtuwa ne, Hausarsa ta fi ta wasu jikokina. A lokacin keken rubutu gare shi a gindin darbejiya, yana buga wa manoman auduga takardu. Da kwamfuta ta zo ya koya, da intanet ta zo ya koya da furfurarsa.

Mu kuwa ƙungiyar mata ce masu daddawa da busasshen barkono, rabi a Gozaki, rabi a Ƙarfi. Masu saye daga Legas suka ce mu buɗe shafi su riƙa ganin kaya. Pius bai zaɓa mana manhajar gina shafin daga kan kujerarsa ba. Kala uku ya gwada, ya ɗauko wata tsohuwar waya, ya shigo motar haya har Gozaki, ya tsaya bayan rumbun Ladidi shugabarmu, inda sabis ya fi wuya. Ta farko kyakkyawa ce, amma har ya gama shan fura ba ta buɗe ba. Ta biyu kyauta ce, sai dai ta ɗora tallar caca a kan daddawarmu. Ta ukun ba ta da ado, amma ta buɗe. Ita ya ɗauka.

Inda wahalar ta fara shi ne mabuɗi. Tun da muka kafa ƙungiya, mabuɗin sitonmu zagayawa yake yi: wannan Juma'ar yana Gozaki, ta gaba yana Ƙarfi, don kada wata ta ce an fi ta. Da Pius ya ce lambar sirrin shafin ta zauna a hannun mutum ɗaya, sai Mairo, jagorar matan Ƙarfi, ta miƙe, ta kira shi da sunan 'yarsa.

"Hannun wa? Ladidi? Baban Chinwe, in haka ne a raba mana buhunanmu yau."

Ladidi ta ce, "Ke da ko wayarki sai an kunna miki?"

Haka dai aka raba wa kowa lambar. Wayyo, Pius! Wannan ta sa hotunan sunan jikanta a tsakiyar barkono. Wata gwaggo a cikinmu ta ce ba ta son maza su ga fuskarta, garin goge hotonta ta tafi da lambobin wayarmu duka. Ya gyara, a ɓata, ya sake gyarawa. Ban taɓa jin ya yi tsaki ba, sai dai ya cire tabarau ya murza ido ya ce, "Hajiya, yau kuma wace ce?"

Ana tsakiyar kaka wata ta danna abin da ba ta sani ba, shafin ya koma fari fat, mai saye ya duba bai ga komai ba, ya tafi wani wuri. Gozaki ta ce Ƙarfi ce, Ƙarfi ta ce Gozaki ce. Matan Ƙarfi suka zo da a-kori-kura su kwashe kayansu. Ina tsaye a ƙofar sito, sai ga Pius a kan acaɓa, ya yi buɗu-buɗu da jar ƙasa.

Ya ce, "Iyayena, ku dakata. Ni na zaɓo muku manhajar da mabuɗi ɗaya kawai ta sani, alhali na san yadda kuke yi da na sito. Ku ba ni lokaci in sake."

Ya kwashe komai ya mayar kan wata manhajar, inda kowace mace take da ƙofarta, ta sa kayanta ba ta taɓa na wata ba. Babban mabuɗin shafin kuma ya riƙa canza shi duk Juma'a, ya buga waya ya faɗa wa wadda zagayen ya zo kanta, ya maimaita, ta manta, ta sake kira. Shekara da shekaru yana wannan, har ranar da aka kwantar da shi a asibiti bai fasa ba.

Pius, kai ne mai haƙurin da ba a yi wa kiɗa. Kai ne ka gane ba shafin ne ke shirin rushewa ba, zumuncinmu ne. Mun gajiyar da kai, mun sani.

Da labarin rufe shagonka ya iso mu, na ce shi ke nan, rigima ta dawo, don wa zai riƙa canza mabuɗin? Sai ka ce mu fitar da mace ɗaya ka koya mata. Can Mairo ta ce, "Barakatu. 'Yar Ƙarfi ce, mu muka haife ta." Ladidi ta ce, "A Gozaki take aure, matarmu ce." Kowa ta tafi gida tana ganin ita ta ci. Juma'ar da ta wuce Barakatu ce ta buga wayar, kuma Mairo ta amsa da "to".

Mun gode, ɗan Chukwuma. Allah ya ba idonka lafiya, ya hutar da kai. Ku kuma masu wannan sana'a da ke tasowa, kafin ku zaɓa wa mutane manhaja, ku taka ku je garinsu, ku tambaya a hannun wa mabuɗin sito yake kwana.