Gwiwar Muntaka Mai Faci

Duk wanda ya taɓa kai babur faci a bakin titin Tudun Wada ya san Muntaka. Gajere ne na gaske, in ya tsaya bayan tayar tifa sai ka neme shi ka rasa, ga faɗin ƙirji, ga wuya kamar turmi. Yaran yanzu ba su san shi da komai ba sai faci. Amma ka tambayi masu furfurar unguwar, za su gaya maka lokacin da ake kokawa a filin makaranta bayan kaka, wannan ɗan guntun shi ne tashin hankalin dogaye.

Dabararsa ɗaya ce, bai kuma taɓa ɓoye ta ba. Dogo ƙugunsa a sama yake. Sai Muntaka ya bari ya rungumo shi, ya lanƙwasa gwiwa, ya juya baya ya cusa ƙugunsa ƙarƙashin na mutum, ya miƙe. Da ƙafafun dogo sun bar ƙasa magana ta ƙare, saura ɗan murɗa ƙugu kawai, sai ka ji tim. Shi kuwa dogo in zai yi wa gajere haka, sai ya sunkuya kamar mai neman allura, kafin ya kai inda zai kai an gama da shi.

Mutum ɗaya ne ya san maganinsa, Kailani, abokinsa tun na makarantar allo, dogo sambal. Shi da dogayen hannuwansa yake tokare Muntaka can nesa, ya miƙo ƙafa ya taɗe shi. In kuma Muntaka ya samu ya shige, sai Kailani ya saƙalo ƙafa a ƙwaurinsa, a cije, ba mai motsi. Sun kayar da juna ba adadi. Girma ya zo, Kailani ya zama malamin firamare, Muntaka ya kama faci, amma musun wa ya fi bai mutu ba. Wannan ya ce Guntu, wancan ya ce Falwaya, har gaban surukai.

Bara waccan hawan jini ya buge Kailani. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, baki ya karkace. 'Ya'yansa mata ne, duk suna gidajen aurensu, daga shi sai matarsa Saratu. Samarin maƙwabta suka yi ƙoƙari, Allah Ya saka musu, amma ta hammata suke ciccibarsa, ƙafafunsa na jan ƙasa, yana nishi. Ran da Muntaka ya tarar da haka ransa ya ɓaci.

"Ku matsa," ya ce. "Ba buhun masara ba ne."

Ya zaunar da shi a bakin gado, ya rataya hannunsa mai lafiya a wuyansa, ya duƙa, ya shige, ya miƙe. Ga Malam Kailani a sama, tsaf, ko yatsa bai taɓa ƙasa ba. Saratu ta juya tana share ido da bakin mayafi.

"Baban Lauratu," ta ce wa Muntaka, don da sunan 'yarsa ta fari take kiransa, "likita ya ce ko kusa kada ya faɗi. In kansa ya bugu, jinin zai sake fashewa."

Daga ranar aikin ya zama nasa. Da safe ya kai shi banɗaki ya yi masa wanka, bayan la'asar ya fito da shi zaure ya sha iska. Abin da bai gaya wa kowa ba shi ne, ɗaukar nan da kayen kokawa abu ɗaya ne, bambancinsu murɗawar ƙarshe. Jikinsa kuwa ya san murɗawar fiye da yadda ya san hanyar gida. Kullum ya miƙe da Kailani a ƙugu sai ya ji ta taso, ya danne, gumi ya keto masa. Tsoro yake ji, tsoro sosai.

Abin da ke kwantar masa da hankali ƙafar Kailani ce ta hagu. Da ya ɗaga shi, sai ya ji ta lallaɓo ta saƙale masa ƙwauri, yadda aka saba.

"Falwaya, ba ka daddara ba?"

Sai ya ji dariya a bayan kunnensa, rabin baki.

Haka aka ci damina, aka ci rani. Kailani na ta raguwa, Muntaka ne ya fi kowa sani, don ƙugunsa ne ma'auni. Mutumin da ya saba tsayawa gaban aji, yau sai an share masa yawu. Wata safiya, suna tsakiyar tsakar gida, Saratu na ɗaki, Kailani ya matso da bakinsa. Maganarsa a daddafe take fita, amma wannan ta fito sarai.

"Guntu, ka kayar da ni. Na gaji."

"Ka yi istigfari, Malam," in ji Muntaka. "Rai na Allah ne."

Kailani bai sake faɗa ba. Amma daga ranar ƙafar ta daina saƙalowa. Sai ta yi ta reto a gefe, ta bar masa hanya buɗe. Muntaka ya so ya ce a nemo wani ya karɓe shi, to wa? Su ja shi a ƙasa kamar dā? Ya ci gaba da zuwa, yana bismilla kafin ya duƙa.

Wata Laraba da safe abin ya faru, kusa da rijiya. Muntaka dai ya san ya miƙe, ya yi taku, sai ya ji tim. Ya tsinci kansa a durƙushe kan gwiwa ɗaya, Kailani kwance a gabansa rigingine kan siminti, ido buɗe, yana kallonsa ba fushi. Aka sa Kailani a keke napep zuwa asibiti. Bai ƙara magana ba, ranar Asabar aka kai shi makwancinsa.

Ba wanda ya zargi Muntaka. A wurin zaman makoki liman ma addu'a ya yi masa ta musamman. Saratu ta aiko a gaya masa ta yafe, gwiwa ce ta tsufa, kwana ne ya ƙare. Shi ma abin da yake so ya yarda da shi ke nan. Sai dai ɗan kokawa ne. Ya san wanda gwiwa ta ci amanarsa tare da kayansa yake zubewa, su taru wuri ɗaya. Kailani kuwa a gabansa ya sauka, da gadon baya, tsaf, irin saukar da ake yi wa guɗa a fili. Amma kuma ai a durƙushe ya tsinci kansa. Yana cikin faci sai ka ga ya saki ƙarfe, ya dafa gwiwa yana lallatsawa, yana neman inda ke ciwo. Ya rame. Ya daina bi ta layin su Kailani.

Bayan sadakar arba'in ya ce wa Lauratu ta raka shi asibiti, gwiwa na damunsa. Aka ɗauki hoto. Likitan, wani matashi mai fara'a, ya sa shi ya tsuguna ya miƙe, ya murza nan, ya ƙwanƙwasa can, ya ɗaga hoton ya duba da kyau.

"A ƙara dubawa, likita," in ji Muntaka. "Takan saki ba zato."

"Baba, wannan gwiwar ba ta saki," likita ya ce yana murmushi. "Ƙalau take. Ni kaina ban da irinta."

Lauratu ta ce alhamdu lillahi. Muntaka ya sauke ƙafar wandonsa a hankali, ya yi godiya. A bakin ƙofa ta tare musu keke, ya ce ta je, shi zai taka. Ta tsaya tana kallonsa yana tafiya, ko ɗingishi babu.