Babur ɗin da Ba Namu Ba

Ranar wata Juma'a ce a tsakiyar damina, shekarar da nake aji huɗu na firamare, na fito da sassafe da bokiti da tsumma zan wanke babur ɗin Baba kamar kullum. Ruwan da aka yi jiya ya jiƙa tsakar gidanmu na Ƙofar Guga sharkaf, awakin Inna sun takure a gindin katanga suna jiran dusa. Babur ɗin yana tsaye a zaure, ya sha laka har wuya. Na kwara masa ruwa, na goge tanki, na bi tayoyin nan masu gudaje da tsinke ina ƙwaƙule taɓo, sannan na durƙusa na leƙa ƙarƙashin kujera don in gaida harafina. Wata uku kafin nan na sa ƙusa na zana harafin farko na sunana, Bilki, a jikin ƙarfen wurin, ba wanda ya sani. Na leƙa, babu. Na goge da tsumma, na sake leƙawa, na shafa da yatsa. Ƙarfe sumul, ko ƙwarzane babu.

Baba malamin gona ne, kuma irin wannan babur na shiga daji aka raba musu a wurin aiki, dogo mai ɗagaggen madigadi, wanda yaran unguwa suka laƙaba wa suna Raƙumi. Mu huɗu ne a gidan, duk mata, ni ce babba. Saboda haka aikin da ɗa namiji zai yi ni ya faɗo wa, kuma ban taɓa jin haushi ba. Shara da wanke-wanke da jan ruwa a rijiya ina yin su ne fuska a murtuke, amma wankin Raƙumi ko zazzaɓi nake sai na tashi. Ladana shi ne Baba ya ɗora ni a kan tanki ya kai ni ƙofar makaranta, in sauka ina hura hanci, 'yan ajinmu da ke carafke a gindin dalbejiya su saki baki suna kallo. Yakan ce, "Bilki ce direba, ni ɗan rakiya ne."

Da safen nan Baba ya fito zai wuce, idanunsa jajur, ko karyawa bai yi ba. Na tare shi na ce, "Baba, wannan ba babur ɗinmu ba ne." Ya tsaya ya dube ni, ya dubi babur ɗin. Sannan ya ce, "Namu ne. Aje tsumman nan ki tahi makaranta." Ya fita da ƙafa, ni ma ranar da ƙafa na tafi.

Daga nan kaina ya ɗaure. Launi ɗaya, tsawo ɗaya, lambar baya kuwa tun tuni gargadar hanya ta karya ta, tana cikin akwatin Baba. Amma ni da nake shafa shi kullum na san robar hannun dama ba haka ta suɗe ba, kuma idan aka buga shi yana wani tari da namu ba ya yi. Na gaya wa Inna tana dama koko, ta ce in daina shirme in miƙo mata ludayi. Hujjata ɗaya ce, harafin nan, ita ce kuma ba ni da bakin faɗa, don in na ce na ƙwarzane kayan gwamnati da ƙusa jikina ne zai gaya mini. A makaranta na ɗaga hannu na tambayi malaminmu ko ƙarfe yana warkewa kamar fatar mutum, aji ya fashe da dariya, aka yi mako ana kirana likitar ƙarfe. Na koma ina zana harafin a gindin turmi da bayan ƙyaure da murfin tukunya, kowace safiya in zagaya in duba ko sun gudu. Ba wanda ya gudu, sai dukan da na sha a kan murfin tukunyar.

A makon nan ne aka ce mana Allah ya yi wa Baba Lawal rasuwa, abokin aikin Baba da ke Ƙofar Marusa, wanda yake zuwa mana da goruba a aljihu. Ba a gaya wa yara yadda aka yi ba, mu ma ba mu tambaya ba. Na yi kuka, amma gaskiya abin da ya fi cina shi ne daga ranar Baba bai sake barina na taɓa babur ɗin ba. Shi yake wanke shi da kansa, kuma bai ƙara ɗora ni a tanki ba. Sai na yanke wa kaina hukunci cewa ya gano ɓarnata, ya sa an goge, ya kore ni daga aiki. Na ji ciwon abin ƙwarai. Na girma, na yi aure, na haihu, muna zaune lafiya da shi har ya koma ga Allah, amma ban taɓa samun ƙarfin halin ce masa ya yafe mini ƙusar nan ba.

Da aka zo rabon gado ba wanda ya kalli Raƙumi, wanda aka bar wa Baba bayan ya yi ritaya. Tayoyi sun sace, kaji sun mai da kujerar wurin ƙwai. Na ce a ba ni. Bara ɗana Kabir ya ba ni labarin wasu masu sha'awar tsofaffin babura da ke haɗuwa ranar Lahadi a garejin wani dattijo, Malam Ɗahiru, suna farfaɗo da su, suna bin diddigin kowanne: ina ya fito, wa ya hau, ta wace hanya ya bi. Muka loda shi muka kai, tare da takardun da ke akwatin Baba. Suka kewaye shi suna ta santi, wani ya kankare tsatsar wuya ya karanto lambar bodi, wani yana duba takarda. Suka karanta sau uku, lambobin ba su haɗu ba. Sai na ji ni a zauren nan da tsumma a hannu.

Malam Ɗahiru ya tambayi sunan mahaifina, na faɗa. Ya ajiye sifanar da ke hannunsa ya yi masa addu'a, ashe shi ne makanikin ofishinsu a lokacin. Ya ce malaman gona suna da wata al'ada: duk wanda zai fi yin nisa ranar, shi ke ɗaukar babur mafi lafiya, ba a duba na wane ne. Ranar Alhamis ɗin nan, jajibirin Juma'ar da na rasa harafina, Baba Lawal ne mai tafiya mai nisa, babur ɗinsa kuma yana tari, sai Baba ya miƙa masa makullin namu, shi ya dawo gida da mai tarin. A hanya ya iske wani rafi ya kawo. Da nasa ne da ya juya, in ji Malam Ɗahiru, amma ya amince da wanda ke ƙarƙashinsa ya shiga. An samu gawarsa da yamma, babur ɗin kuwa ba a ƙara ganinsa ba.

"Hajiya, mahaihinki shi ya ce a bar mishi wanga," in ji shi. "Ya ce kullum ya hau shina yi ma Lawal addu'a."

Mako biyu bayan haka ya aiko a kira ni. Sun cire tanki za su yi fenti, suka ga an zana wani abu da ƙusa a cikin ƙarfen, rubutun yaro, karkatacce: Nura. Sai na tuna Baba Lawal yana da ɗa sa'ana mai wannan suna. Na ce su yi fentin ko'ina, amma su bar mini wurin nan yadda yake. Kabir ya nemo gidansu, kuma in an gama gyara can za a kai babur ɗin.

Yanzu zaurenmu ya zama shago, rafin ma an ce an yi masa gada, jikokina mota ke kai su makaranta, ba su san ɗumin tanki da safe ba. Har yau ban gama warware abin ba: ko Baba ya kasa ɗora 'yarsa ne a inda ɗan marigayi yake zama, ko tambayata ce ta tsorata shi, ba wanda zan tambaya. Abin da na sani kawai shi ne bai taɓa ganin harafina ba. Shekaru arba'in na yi ina jin kunyar laifin da ruwa ya riga ya tafi da shi.